Gaisuwa da Alli

Shugaban ma'aikata ya miƙo mini alli, bakinsa na warin giya.

"Ɗan Ingila, kai ka iya yarensu. Rubuta musu gaisuwa."

Al'adar masana'antarmu ce a nan Jamus: sabon jirgin yaƙi ba ya tashi sai an yi rubutu a jikin bom ɗinsa na farko. Ni na ƙera injin, babu mai kamo shi.

Ya faɗi garin da za a kai wa hari, aka kwashe da dariya. Can a Ingila na yi karatu, ina zaune a gidan wata tsohuwa mai ɗinke mini safa.

Na jefar da allin. Bai hana jirgin tashi ba.

Ranar rabuwarmu da tsohuwar, na ce mata, "Inna, zan ƙera injin da zai iso ƙofarki kafin shayinki ya huce."