Ranar da na tafa wa Baba

Wata la'asar a garin Djougou, Babana, limamin unguwarmu, ya manta ya miƙe raka'a ta biyar. Maza suka bi shi, nauyinsa ya hana su magana. Ina bayan labule, hannuna na ƙamshin sabon lalle. Inna ta koya mini cewa mace tafi take yi idan liman ya yi mantuwa. Na runtse ido na tafa. Baba ya koma ya zauna.

A gida na ɓuya bayan randa, ina jiran bulala.

"Wa ya tafa?"

"Ni ce, Baba."

Ya riƙe jajayen yatsuna. "Uwata, kada kunyata ta sa ki bar sallar mutane ta ɓaci."

Yanzu ina karantar da mata a unguwar Albarika, cikin garin Parakou. Kowace sabuwar ɗaliba sai na ce mata, "In na kuskure, ki tafa da ƙarfi."