Hawan Dutsen Kwahu

A rabin hawan dutsen Kwahu, a ƙasar Ghana, motar Ampofo ta shaƙe ta tsaya. Dole ya gangaro da ita da baya-baya har rumfar wani bakanike a gefen garin Nkawkaw, matarsa Oforiwa tana kwance a kujerar baya, zazzaɓi yana kaɗa ta.

Bakaniken, Masta Asiedu, bai ko kalli cikin motar ba, ya leƙa ƙarƙashinta ya fito yana dariya. "Kawu, wannan tsohuwar taka ai asma ke damunta. Tukunyar tace hayaƙin ce ta toshe. Kayan Turawa ne, mu nan ina ruwanmu da ita? In cire?"

"Cire duk abin da za ka cire, in dai za ta hau," in ji Ampofo.

Asiedu ya sa zarto ya yanke tukunyar ya jefar gefe. Ranar an ɗauke wuta, babu halin walda, sai ya harhaɗa bututun salansar yadda ya samu. Ya yi wata magana wajen karɓar kuɗinsa, amma kunnen Ampofo yana kan nishin matarsa. Motar kuwa ta haye dutsen kamar akuya, sai dai muryarta ta ƙara kauri.

A can sama akwai sansanin addu'a na wani fasto. Kwana uku a can Oforiwa ta miƙe, har tana cinye malmalar fufu biyu tana tsokanar mijinta. "Ticha, kai ka fi ni ramewa, wa ke jinyar wa a cikinmu?" Haka take kiransa tun yana koyarwa a firamare, shekara talatin da ɗaya ke nan.

Suka kamo hanyar gida Ejisu, tafiyar awa biyu. Oforiwa ba ta son iska, don haka ya rufe mata gilasan baya ruf, ya lulluɓe ta da zane ta kwanta. Nasa gilashin tuni ya faɗa cikin ƙofa, shekaru ke nan bai fito ba. Da suka isa sai da aka ɗauko ta cak. Kai yana sara mata, amai ba tsayawa, ƙofar ɗakinta ma ba ta gane ba.

Ampofo ba mutumin zama ba ne. Washegari ya sa ta a mota sai asibiti, aka auna jini aka ce babu komai. Bayan kwana biyu ya kai ta wani asibitin, nan ma haka. Kullum suna kan titi, kullum jiki sai ƙara lalacewa yake. Suka koma dutse, kwana uku ta warware. Suka dawo gida, ciwo ya dawo tun kafin a buɗe ƙyaure.

Zuwa na huɗu fasto ya faɗi abin da maƙwabta suka daɗe suna raɗawa: abin yana cikin gida, kuma hannun tsohuwa ne. Tsohuwa ɗaya ce a gidan, Mama Dansowa, wadda ta haifi Ampofo, ta sayar da ƙosan rogo ta biya masa makaranta. Ya yi kwana biyu bai iya kallon idonta ba. Rana ta uku ya ɗaure mata kayanta, zai mayar da ita ƙauye.

"Ni, ɗana?" Abin da ta ce ke nan. Ta ƙi zama kusa da shi, ta shige kujerar baya ta kifa kanta. Kafin su kai ƙauye ta yi amai, ta sauko tana tangaɗi tana sambatu. Dangi suka kalli juna, suka ce to, ga shi asiri ya tonu da kansa. Ampofo ya juyo yana kuka kamar yaro, yana gaya wa kansa cewa aƙalla matarsa za ta tashi.

Ba ta tashi ba. Yanzu ko a dutsen sai ta yi mako kafin ta gane mutane, tsokanar ma ta daina. Ya sayar da gonar kokonsa, ya yi azumi, ya sha ruwan addu'a har ya gaji. Ya rasa uwa, yana kallon matar tana zamewa daga hannunsa, kuma abin da ya iya bai wuce tuƙi ba.

Zuwa na bakwai ana ruwan sama, sai ya toshe tagarsa da leda don kada feshi ya taɓa ta. Shi ma kansa ya yi nauyi, ya ce damuwa ce. Tun daga garin Konongo yake kiran sunanta ba ta amsa ba. A gindin dutsen tsoro ya kama shi, ya ci birki a gaban rumfar nan ya fito yana layi.

"Ruwan sanyi, don Allah, ku taimake ni da ruwan sanyi!"

Asiedu ya gane motar kafin ya gane mai ita. "A'a, mai asma ce ta dawo!" Bai lura da ta kwance a ciki ba, ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin motar, dariyar ta ɗauke daga fuskarsa.

"Haba Kawu, ba na ce maka in ka sauko ka kai ta walda ba? Gwangwanin madara fa na ɗaura, na hawa ɗaya, ya ƙone tuni. Ga bakin bututun nan daidai inda tsatsa ta huda ƙasan motar, duk hayaƙin kujerar baya yake shiga, shi kuwa guba ne." Ya miƙe yana goge hannu. "Allah dai ya sa ba ka ɗaukar kowa a baya."