Tsingaro a Akwatin Kifi

Shekarar da aka hana mata hawa kabu-kabu, Inna ta daina zuwa Shinkafi ganin danginta. Baba ya kawo akwatin gilashi da baƙaƙen kifaye biyu, wai ta samu abin kallo.

Da la'asar na ga babban yana korar ƙaramin, yana cizon wutsiyarsa. Duk inda ya nufa, gilashi ne.

Na ce, "Inna, mugu ne, mu fid da shi!"

Ta wanke tsingaron tukunya, ta jingina cikin ruwan. Ƙaramin ya shige ƙarƙashi.

Ta ce, "Ba mugunta ba ce, ɗiyata. Wurin ne ya yi musu kaɗan."

Har yau idonta nake tunawa. Ba kifin take kallo ba, ƙofar gida take kallo.