Furen Jikin Bedi

Wauta kam, da ita aka haife ni. Bayan rasuwar uwata aka kai ni Dakoro wurin ƙanwarta, Inna. Mijinta ya kawo wani tsiro daga kudu, ta ɗaure shi da tsumma jikin itacen bedi, ba ƙasa ba tukunya. Furensa rawaya ne mai ɗigo-ɗigo. Na ji ana kiransa manta-uwa, wai marayu ake jiƙa wa su sha.

Ran nan da la'asar ta yayyafa ma tsiron ruwa, ta miƙo mani fura. Na shinshina, na ture ƙwaryar.

"Inna, mi kika sa ciki?"

Ta dube ni, ta ce:

"Ɗan nan, in ka mance ta, da wa zan riƙa hirarta?"