Fim Ɗin da Ya Tsinke

Shekara talatin ke nan da fim ɗin ya tsinke a tsohuwar silima, saura ƙiris ya ƙare. Bayan mako guda, saurayinta mai haska fim ɗin ya bar gari, ko sallama babu. Yau da la'asar ga shi tsaye a shagon ɗinkinta, ya jingina wayarsa da gwangwanin maɓallai, suna kallon ƙarshen.

A cikin fim ɗin, masuncin da 'yan ruwa suka sace ya fito daga kogi da ƙuruciyarsa. Budurwarsa tana nan inda ya bar ta.

Mai ɗinkin ta ja tsaki, alhali idonta ya ciko. "Waƙoƙin dai har gobe suna taɓa zuciya. Amma ƙaryar ta yi yawa, Malam. Wace mace ce za ta shekara talatin a bakin kogi, ko furfura ɗaya babu? Ni na yi aure, na haifi huɗu, na rasa miji."

"Ba nan aibinsa yake ba," in ji shi. "Ya dawo, bai ba ta haƙuri ba."

Ƙafarta ta tsaya cak a kan keken. Ya cire hularsa, yana murza ta.

"Ni ba kogi ya riƙe ni ba, tsoro ne. Ki yafe mini. Da maganar aure na zo."

Ta daɗe tana kallon furfurarsa. Sannan ta kwashe yadikan da ke kan benci.

"Zauna. Mayar da fim ɗin farko. Ba na son labarin da aka faro daga ƙarshe."