Kuskure Guda na Baba Tanimu

Tun da injuna suka iya shirya fim, doka ta ce duk fim ɗin da mutane suka yi da jikinsu sai an bar kuskure guda a ciki, shaidar cewa aikin ɗan Adam ne.

Ranar Laraba Asabe ta kai fim ɗinta na farko ofishin tantancewa, tare da Baba Tanimu, wanda ya shekara talatin yana fitowa a matsayin mai unguwa. Jami'ar ta kalla har wurin da Baba ya ɗaga butar shayi, murfin ya faɗi, ya ruɗe ya kira abokin wasansa da sunansa na gaskiya.

Ta yi dariya, ta buga hatimi. "Wannan kam mutum ne. Allah ya kawo kasuwa."

Da suka fito Asabe ta saya musu rake, ranta fes.

"Baba, ka fitar da ni kunya."

"Ai dole, 'yata," in ji shi, yana tauna. "Kwana tara na yi ina gwajin faɗuwar murfin nan. Injunan ma yanzu sun iya kuskure, kuma nasu ya fi kama da na mutane."