Sandar Rumaisa

"Rage mata tsawo," in ji Safiyanu. Ya ajiye sandarsa ta wasan golf a kan bencin Bilya mai walda, a bakin kasuwar Makarfi.

Bilya ya jujjuya ta. "Yallaɓai, ba da ita kake zuwa wasa Zariya ba?"

"Ta yi wa 'yata Rumaisa tsawo. Duk bugun da ta yi a bayan gida, sai ƙwallon ya kauce ya faɗa gonar rake. In ta gajarta, zai tafi inda ta nufa. Tun damina take roƙona."

"Ai da ka zo da ita na auna."

Safiyanu ya ɗauko wani karan dawa daga mota, ya tsayar da shi. "Ga tsayinta."

Bilya ya gwada sandar da karan, ya sa alama daidai inda ƙirjin yarinyar zai kai, ya yanke sandar, ya mayar da robar mariƙin. Tartsatsi na zuba a kan takalmin Safiyanu, ko motsawa bai yi ba.

"Awo da kara, sai ka ce masu haƙa kabari," Bilya ya faɗa yana dariya. Sai idonsa ya sauka kan jar ƙasar da ke gwiwar wandon Safiyanu. Dariyar ta ɗauke.

"Yallaɓai, ina Rumaisar take?"

"Ɗazu da hantsi muka kai ta." Safiyanu ya karɓi sandar, ya jera ta da karan, ya daɗe yana kallo. "Ta yi mata daidai."